Jan Zare da Farin Zare

Ƙanwata Dominga,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafar Mama? Na ji za ta saƙa wa jikokinta biyu rigunan bikin waliyyin garinmu, shi ya sa na sako jan zaren nan. Awon 'yata Marcelina ke nan, daga kafaɗa zuwa gwiwa. Tunda wata ɗaya muka haihu, kada ki wahala da auna 'yarki Rosenda, a saƙa musu daidai. Acicin nan tawa ta kusa cinye ni, ƙwai ba ya kwana a gidan nan.

Yayarki Petrona, daga birnin Guatemala

Yaya Petrona,

Muna gaishe ki, Mama ma tana gaisuwa. Zaren ya iso. Na gwada wa Rosenda, ya sauka har idon sawu. Mama ta ce kin yi kuskuren awo, ko kuma abincin birni ne ke kumbura yara. Ta ce mu gajeru ne tun kakanni. Rosenda lafiya lau, ba kuka, ba ƙiriniya, inda na ajiye ta nan nake samunta. Wainar masara nake jiƙa mata a ruwan gahawa, yadda aka yi mana. Ga nata zaren, fari.

Ki huta lafiya,
Dominga

Dominga,

Ina gaisuwa. Na yanki wani jan zaren daidai da wanda na aiko, na shimfiɗa shi kusa da farin a kan tebur. Na sake auna Marcelina, ban yi kuskure ba. 'Yar shekara uku da ba ta ƙiriniya ba haƙuri gare ta ba, ƙarfi ne babu. Kin manta haka Mama ta riƙa yabon haƙurin ɗanki Tomasito har ranar da muka binne shi? Ki kai ta asibiti, ko Mama ta so ko ta ƙi. Tsoro nake ji.

Allah ya tsare ku,
Petrona

Yaya,

Na gaishe ki. Na kai ta. Sun ɗora ta a sikeli, malamar asibitin ta tambaye ni ko na tabbata da shekarunta. Sun ba mu gado. Ina zaune a gefenta, ba na jin komai, ko kukan ma bai zo ba.

Jiya Mama ta hawo mota da ƙafar nan tata, ta kawo rigar Rosenda. Da jan zaren ta auna, ta yi wa Rosenda yawa. Ta ninke ta, ta tura ƙarƙashin matashi, ta ce, “A ajiye mata.”

Sai mun fito,
Dominga