Sun Mayar Mini Da Ririn Kyandir

Yaya Wening, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi da-na-sani.

'Yata Ririn shekararta biyar, ba ta iya kaɗa harshe ta furta “r”. In an tambaye ta sunanta sai ta ce Lilin, wato kyandir a yarenmu. Shi ke nan yaran layinmu suka samu abin yi, suna bin ta suna cewa a kawo ashana a kunna ta. Manya ma, masu furfura, sai su tare ta su ce ta faɗi sunan garinmu Cirebon, tana cewa Cilebon su fashe da dariya. Ni ma ban zauna ba, kullum da safe sai na sa ta a gaba ta maimaita sunanta sau ashirin kafin in ba ta shinkafarta.

Babbar matsalar surukata ce. Wai harshen yarinyar gajere ne, yaji ne zai miƙar da shi. Na dawo daga kasuwa na tarar tana ɗura mata dakakken barkono da cokali, yarinya na hawaye, ita kuwa tana cewa haɗiye, ja'ira, haka aka yi wa ubanki. Ubanta kuwa har gobe “loti” yake cewa in zai sayi roti, wato burodi! Yanzu kuma ta ce ranar Asabar za ta kai ta wurin tsohuwar ungozomar ƙauyensu a yanke mata linzami. Raina ya ɓaci na ce mata nata harshen ne ya yi tsawo, shi ya kamata a rage. Mijina ya daina cin abincina. Duk wannan da sauƙi. Kwana tara ke nan Ririn ba ta ce uffan ba, sai nuni da hannu. Me zan yi?

Uwar Ririn, Cirebon

Ƙanwata, Asabar ɗin nan kada reza ta kusanci bakin yarinyar nan, ko da za a yi fushi da ke shekara. Akwai jijiyoyin jini a ƙarƙashin harshe. Linzami gaskiya ne, wata 'yar fata ce da kan ɗaure harshen wasu yara ta ƙasa, amma likita ne zai duba. Ki shafa mata zuma a leɓen sama. In ta lashe, kuma kan harshen yana taɓa bayan haƙoran sama, da wuya a ce linzami ne.

Harshe tsoka ne zalla, ba ƙashi. Da shi take juya loma, ta haɗiye, ta ji zaƙi da ɗaci, kuma duk tana yi lafiya. Kaɗa shi kuwa yana cikin abin da yara ke iyawa daga ƙarshe, wasu sai shekara bakwai. Barkono ba ya ƙara masa tsawo, ƙuna kawai yake yi.

Surukarki ta yi kuskure, amma tsoro ne ya sa ta. Ta ga an yi wa ɗanta dariya shekara talatin. Ki je ki ba ta haƙuri kan maganar da kika yaɓa mata, ki roƙe ta ta raka ki asibiti ta ji da kunnenta.

Saura ke. Kin ba ni haushi, ba zan ɓoye miki ba. Yarinya ta buɗe baki a waje a yi mata dariya, wurin kaka a ba ta yaji, wurin uwa kuma a riƙe mata shinkafa sai ta ci jarrabawa. Ina za ta yi magana? Ki daina wannan darasin tun gobe. In ta ce Lilin, ki amsa da fara'a.

Akwai harsunan da ke bukatar linzami a gidan nan, amma na manya ne. Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa gobe surutun Ririn ya tashe ki daga barci.

Wening