Abin da Gara Ta Bi a Ƙarƙashin Sito

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mai sayen gidan marigayi Baba ya ce ba zai sa hannu ba sai an duba gara. Jiya mai dubawar ya zo, wani dattijo mai raha da tocila da sukundireba. Ya ce gara baƙuwa ce marar sallama, sai ta ƙoshi ake sanin ta zo.

Ya ƙwanƙwasa ƙofofi da katakon silin, duk lafiya. Amma a sito ya ga hanyoyin laka siri-siri a gindin bango, dukansu sun fito daga tsaga ɗaya a daɓe. Ya durƙusa ya buga simintin, sai ya yi amo kamar ganga. Rahar nan ta ɗauke. Ya ce, "'Yata, gara ba ta cin siminti. Akwai katako a ƙasan nan, da danshi, da rami." Na taɓa tsagar, iska mai sanyi na fitowa.

Zai kawo magini su fasa. Me aka rufe a wurin? A gaida yara.

Ƙanwarka ta kullum,
Auta

Auta,

Na gaishe ki. Kada a fasa. Ki ce wa mai saye mun janye. Zan yi miki bayani in na zo.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace. Shekara shida ni kaɗai na yi jinyar Baba a gidan nan, yanzu layi uku ne rabona? Mai dubawa ya ce katakon ya kusa ƙarewa, wata rana daɓen zai rufta da wanda ke kai. Ko an sayar ko ba a sayar ba, 'ya'yana na shiga ɗakin nan. Na kulle shi, amma ko tsakar rana ba na iya wucewa ta ƙofar ban waiwaya ba.

Ka faɗa mini gaskiya. Ka huta lafiya.

Auta

Ƙanwata,

Sallama da ban haƙuri. Rijiya ce. Yayarki da ke bi mini, wadda aka ce miki zazzaɓi ya ɗauke tun kina goye, a ciki ta faɗa. Ni na bar murfin a buɗe, ina shekara tara. Ranar aka kai ni gidan Gwaggo. Da na dawo bayan mako biyu, Baba ya ce an fito da ita an binne, ya shimfiɗa katako ya zuba siminti, ya gina sito a kai. Bai sake ambatar sunanta ba, Mama kuma ba ta taɓa taka ɗakin ba har ta rasu.

Shekara arba'in ina ɗauke da wannan. Ki jira ni, a gabana za a buɗe. Allah Ya ba mu haƙuri.

Yayanki

Yaya,

Wasiƙarka ta makara. Daɓen ya rufta da kansa ranar Talata da hantsi, ba kowa a ɗakin. Rijiyar ta kusa ƙafewa. Magini ya sauka da igiya da tocila, sannan ya fito. Ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, ya ce a kira hukuma, kada kowa ya taɓa komai.

Na je wurin Gwaggo na tambaye ta inda kabarin yake. Ta juya fuska bango.

Ba kai kaɗai ke da abin ɗauka ba. Ka taho da likkafani.

Auta