Maɓallin da Ya Goge Muryar Kawuna

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar haɗa wasannin waya da na yi aiki da ita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, Yallaɓai, ka sani ba sulhu na zo nema ba.

Ni malamar kwamfuta ce a Birnin Kebbi. Da manhajarku na fara haɗa wasan su, wato kamun kifi, inda mai wasa zai hau gora da homarsa ta kama kifi a Gulbin Rima. Kawuna, tsohon masunci a Argungu, shi ya nuna min yadda gora ke juyawa in ruwa ya ja. Na ɗauki muryarsa yana yi wa giwan ruwa kirari, na saka a wasan.

Ga abin da kuka yi min.

Na ɗaya, littafin bayaninku ba shi da wurin bincike. Don in gano yadda ake sa abu ya yi iyo, sai da na bi shi shafi-shafi a shagon intanet. Da na isa shafin, alkawari kawai na tarar cewa za a rubuta shi nan gaba.

Na biyu, kun sabunta manhajar, kun canza sunayen umarni, littafin kuwa yana nan da tsofaffin. Aikina ya cije.

Na uku shi ne wanda ba zan yafe ba. Littafin ya ce maɓallin share tarkace yana gyara aikin da ya cije. Bai ce yana goge duk sautin da ke ciki ba. Na danna. Wayar da na yi ɗaukar da ita ta riga ta mutu, Kawu kuma yana kwance da ciwon da bai tashi ba. Bayan rasuwarsa matarsa ta roƙe ni in kunna mata muryarsa. Na sunkuyar da kai na ce mata babu.

Da na kai kuka, ma'aikacinku ya ce gargaɗin yana cikin wata tsohuwar hira a dandalinku na intanet, wai da na bincika da na gani. Da me zan bincika, Yallaɓai?

To ga nawa. Na cire manhajarku daga duk kwamfutocin ajina. Ina koya wa ɗalibaina ta abokan hamayyarku, na kuma rubuta mata bayani da Hausa. Duk taron masu harkar nan da na je, daga Sakkwato har Kaduna, da wannan labarin nake buɗe baki, kuma ba zan daina ba.

Buƙatata ita ce ku sa wurin bincike, ku daidaita littafin da manhajar, ku rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro a jikin maɓallin nan. Ko kun gyara ba zan dawo ba. Domin na baya nake faɗa.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya nuna maka ranar da ɗalibaina za su rufe muku kasuwa.

Wassalam.

Malama Asabe,
Birnin Kebbi.