Muryar Kyaftin a Cikin Akwati

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata, Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ƙafar ƙaramin ta warke? Ni lafiya lau nake, sai gwiwa, ita kuwa tun kina goye muke tare. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ke rubuta min, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta yi wa maganata kwalliya.

Saƙonki ya iso, kin ce kin gyara min ɗaki har da fanka. Allah ya yi miki albarka. Amma ba zan zo ba tukuna. Ki ce taurin kai ne in kin ga dama, na saba ji.

Saboda Injiniya ne, mai gyaran rediyon da shagonsa ke jikin shagon askina, wanda yake ba ki matattun batura ki yi wasa. Hankalinsa ya fara gushewa. Yana kiran matarsa da sunan ƙanwarsa. Abu ɗaya ne bai saki ba, wato gardamarmu.

Kina ƙarama lokacin. Akwai wani shiri da muke kallo a talabijin ɗin shagonsa, na mutanen da ke tafiya a jirgi tsakanin taurari suna neman wata duniya. Kyaftin ɗinsu ya mutu a hanya, suka janye abin da ke kansa da wayoyi suka zuba a akwatin ƙarfe, akwatin ya riƙa magana da muryarsa. Rannan 'yar kyaftin ta tambayi akwatin ko ya san ta. Fitilarsa ta ƙifta. Daga nan ba a sake nuna shirin ba.

Injiniya ya ce akwatin ya san ta, tunda ya taɓa kiranta da sunan da ubanta kaɗai yake kiranta da shi. Ni na ce ƙarfe bai san kowa ba, abin da aka ɗura masa yake maimaitawa. Na riƙe kawunan mutane fiye da yadda shi ya riƙe rediyo, na san abin da ke cikin kai ba ya bin waya. A kan wannan muka tsufa.

Ɗansa ya nuna min a wayarsa wai har yau mutane a ƙasashe da dama suna wannan musu. Ya karanta min. Rabinsu ba su san a wane hannu kyaftin yake da tabo ba. Ni da ba na jin yaren shirin na fi su riƙe shi. Da suka zo kan launin fitilar ne kawai na ja bakina, don talabijin ɗinmu baƙi da fari ce.

Kullum da hantsi nakan je in gyara masa gemu, in zagi akwatin, sai ki ga idonsa ya buɗe. In na tafi, wa zai zagar masa?

Ki gaida kowa da kowa.

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara. Na ji tari ya kama maigidanki, Allah ya ba shi lafiya. Maganin gwiwa ya zo, yana kan taga.

Uwata, na yi ɓarna a makon jiya, ban kuma san yadda zan gyara ba.

Na tarar da Injiniya ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ina shafa masa sabulu ya ɗauko zancen akwatin, numfashinsa yana yankewa, yana buga hannun kujera. Tausayi ya kama ni. Matarsa ma ta daɗe tana roƙona in daina tayar masa da jijiyar wuya. Sai na ce masa ya yi gaskiya, akwatin ya san yarinyar, ni ne ban gane ba duk shekarun nan.

Na zaci zai yi dariya, ya tara unguwa su shaida. Amma bai yi ba. Ya dube ni, ya dubi askar da ke hannuna, ya janye fuskarsa. Ya kira matarsa a hankali ya tambaye ta wane ne wannan baƙon mai ladabi, me ya sa kuma aka bar shi da aska a ɗakinsa.

Na haɗa kayana na fito, rabin fuskarsa da sabulu.

Tun ranar in na je, gaisuwar baƙo yake yi min, har ya sa a ba ni kujera mai kyau. Mutumin da bai taɓa barina in zauna ba sai a kan matacciyar lasifika. Ashe ba fuskata ya riƙe ba, musuna ya riƙe. Da bakina na ƙwace masa.

Mai ɗinki ta ce in huta, hannunta ya gaji, na ga kuma tana share ido da gefen mayafi. Kada ki turo mota kamar yadda kika ce. Za ta koma ba kowa.

Naki har kullum,
Mahaifinki.

*

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da iyalinki. Ki daina fushi da ni, fushin uwarki gare ki, ba ya daɗewa.

Na koma wurin Injiniya ba tare da aska ba. Na shirya in ce masa ƙarya na yi, ƙarfe ƙarfe ne. Ban buɗe baki ba ya riga ni. Yana kallon bango ya ce akwatin bai san kowa ba, abin da aka ɗura masa yake maimaitawa. Maganata ce, Uwata, kalma ba ta canza ba. Tasa ta ɓace masa, tawa ce ta rage a kansa.

Me zan yi? In na yarda, na sake zama baƙo. Sai na ɗauki tasa. Na kawo masa hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya yadda yake jera su: sunan yarinyar, da ranar da akwatin ya ƙi rufe ƙofar jirgin don tana waje, da yadda muryar take yin ƙasa in da ita ake magana. Duk suna kaina, ai ni aka yi wa karatunsu. Ya fusata, ya buga hannun kujera, ya ce in tashi daga kujerar baƙi. Sannan ya kira ni Kan Dutse. Ba mai kirana haka a duniya sai shi.

Na fito da sauri na gaya wa ɗansa. Yaron ya ce kada in sa rai, likita ya ce masu wannan ciwo sukan maimaita tsofaffin kalmomi ba tare da sun san wanda ke gabansu ba. Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba, na ce ƙarya ne, ya san ni. Yaron ya tsaya yana kallona, don shi ma ya san ɓangaren da na tsufa a kai.

Jiya bai yi magana ba sam. Ba ya cin abinci sosai. Na zauna a bakin gadonsa na yi musun ni kaɗai, in faɗi nawa, in amsa da nasa. Da na zo kan sunan yarinyar, ya ƙifta ido. Matarsa ta ce ƙuda ne.

Ki ba yara ɗakin da fankar. Gobe da hantsi zan koma, gemunsa ya taru.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Kan Dutse.