Na Ɗauka Shuɗin Rini Ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne, na haura saba'in, kuma abin da zan faɗa ko matata ba ta sani ba.

Zamanin da kuɗin fetur ya fara shigowa, ni ne disfensa mai ba da magani a wani ƙauye ta wajen Gwaram, kowa Likita yake ce min, ni kuma kaina ya yi girma. Shekarar aka yi wata mura mai zafi, yawanci kwana biyar mutum ya miƙe, amma wasu sai ta sauka musu a ƙirji. An koya mana yadda ake gane wanda za ta kayar: ka ƙirga numfashi, ka duba farce da leɓe ko sun yi shuɗi, ka ji ko yana iya kai ƙarshen magana. Motar da ke kai marasa lafiya Birnin Kudu sau ɗaya take zuwa a mako, mutum ɗaya take ɗauka a kwance, ni ke zaɓa.

Ranar mota aka kawo min mutum biyu, wani tsoho mai tari, da wani marini da zan kira Hamisu, bai kai talatin ba, ƙato, da ƙafarsa ya shigo har yana tsokanata. Wanda ya rako shi abokin aikinsa ne a karofi, Malam Idi. Ya ja ni gefe ya ce tun jiya Hamisu ba ya iya kai ƙarshen Fatiha sai ya tsaya ya ja iska. Na kama hannun Hamisu, farce shuɗi, na yi dariya na ce marini kuma da wane irin farce za a gan shi? Leɓe goro ya rufe. Numfashin ban ƙirga ba, wallahi ban ƙirga ba, don a raina matashi ai mura ba ta kashe shi. Na ce wa Idi ya bar koya min aikina, na ba da ƙwayoyi, na sa tsohon a mota. Kwana biyu Hamisu ya rasu. Tsohon kuwa ya ƙara shekara goma sha.

To mutane ba su yarda mura za ta ɗauke ƙato haka ba, sai aka tuna sun taɓa yin cacar baki da Idi a kan ramin rini, shi ke nan, aka ce Idi maye ne, ya kama kurwarsa. Dangin mamacin suka zo suka tambaye ni ko ciwon asibiti ne. Na ce ni dai na duba ban ga komai ba. Kalmar nan ita ta gama da Idi. Aka daina kai masa rini, aka daina cin abincin gidansa, yara na ganinsa su watse. Ni kuwa aka yi ta min ƙarin girma, na yi ritaya da mutuncina, har yau ni ake kira sasanta rigima. Idan na tuna, tsanar kaina nake ji, da haushin garin da ya fi son maye a kan ya ce Likita ya yi kuskure.

Abin da ya tayar da maganar, watan jiya an fasa auren jikar Idi, dangin saurayin daga Basirka suka yi bincike aka ce musu gidan mayu ne. Yarinyar da ko uwarta ba a haifa ba lokacin. Idi ya tsufa, idonsa ya tafi, ya sa aka jawo shi har ƙofar gidana, wai in je wurin dangin saurayin in sa baki tunda ana jin maganata. Bai zarge ni ba, bai ma tuna min ba. Cewa ya yi ni kaɗai ne a garin nan ban taɓa ƙin ba shi hannu ba, ya yi ta sa min albarka.

Idan na je na ce Idi mutumin kirki ne kawai, ba za su saurara ba, sai na faɗi abin da ya kashe Hamisu da wanda ya mayar da shi gida. 'Ya'yan Hamisu suna raye, nawa ma suna aure a garin. In tsaya bayan sallar Juma'a in faɗa kowa ya ji, ko in fara samun Idi shi kaɗai? Kuma da wane baki zan nemi gafarar mutumin da ya gama yi min addu'a?