Wata huɗu ke nan ina rubuta wa yayana soja saƙo da sunan Kaka

Salama gare ku mutanen gidan nan. Admin, a ɓoye sunana, domin in Mama ta ga wannan, gawata za a kai coci ranar Lahadi. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni yarinya ce 'yar shekara goma sha shida, daga Kagoro. Yayana soja ne, shekara biyu ke nan yana daji can wajen Borno. Inda suke babu sabis, sai ya hau wani tudu yake samun turo saƙo, wani lokaci sau ɗaya a sati biyu. Ni ke riƙe da wayar gida, ni ke karanta wa kowa, ni ke rubuta amsa. Mama kullum abu ɗaya ne, ka ci abinci, ka yi addu'a. Amma Kaka, wadda ta goye shi, ita daban ce. Kun san wasan kaka da jika. "Mijina mai kunnen faranti" take kiransa, shi kuma ya ce mata amarya. Sai ta sa ni in rubuta cewa in bai dawo ba kafin a haƙa citta, za ta auri mai acaɓa, shi ma ya amsa cewa ba mai ɗaukar amarya mai haƙori uku.

Wata huɗu da suka wuce Kaka ta rasu. Zazzaɓi ne na kwana uku kawai. Bayan jana'iza Mama da kawunmu suka ce kada a gaya masa, wai mutumin da ke riƙe da bindiga ba a raba masa hankali. Na yarda. Iyakar abin da aka sa ni ke nan, in yi shiru.

To sai saƙonsa ya shigo, yana tambaya me ya sa amaryarsa ta yi masa yaji. Ni kuma dama bakina ba ya zama wuri ɗaya, ko a makaranta ni ke kwaikwayon malamai. Sai na rubuta masa kamar ita ce, wai tana fushi don ta ji ya yi budurwa a Maiduguri. Ya turo dariya cike da layi biyu. Daga nan na kasa tsayawa. Na sa Kaka ta kori akuyar maƙwabta da ludayi har bakin rafi, na sa ta yi rawa a zumuntar mata har zaninta ya kwance, na sa ta cinye tukunyar faten acca ita kaɗai ta ce ɓera ne. Ina rubutawa ina dariya, in na tura kuma in shiga bayan gida in yi kuka. Mama ba ta sani ba, in na zo karanta mata amsa ina tsallake wajen.

Watan jiya ya turo wani saƙo. Ya ce sun rasa abokinsa da suke kwana tanti ɗaya, ya kasa cin abinci, sai da ya sake karanta labarin akuyar nan ya iya sa wani abu a baki. Ya ce in gaya wa amarya ita ke riƙe da shi.

Yanzu an ba shi hutu. Ranar Asabar mai zuwa zai sauka tashar Kafanchan. Ya saya mata atamfa da bandar kifi, ya ce ta yi kwalliya, ita yake so ya fara gani. Kabarinta kuwa yana gefen rumbu, kana shigowa gidanmu shi za ka fara gani.

In na gaya masa yanzu, yana da sauran kwana biyar a daji da bindiga a hannu, ga doguwar hanya. In na bari ya iso, zai tsaya gaban kabarin nan, ciyawa har ta rufe shi, ya lissafa watanni, ya gane wadda ta yi ta sa shi dariya. Rasuwar ba laifina ba ce, amma sauran duk nawa ne. In fara gaya wa Mama, ko Fasto, ko shi kansa?

Ku taimaka da sauri. Ɗazu ya sake hawa tudun, saƙonsa na nan ban amsa ba. Cewa ya yi, amarya, wane launi kike so in ƙaro miki na ɗankwali?