Jan Akwati a Kwamfutar Edna

Kafanchan, Litinin, 9 ga Agusta, 1999

Yayana Meshak,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Jos da sanyinta? Mama lafiya, sai ƙafar nan.

Kwamfutar tafi-da-gidanka da ka ba ni ta haukace. Da safe na kunna, sai wani jan akwati ya rufe fuskarta, da hoton ƙoƙon kan mutum, wai bairos, cutar kwamfuta, ya shiga, zai goge komai. Na rufe shi, wani ya fito. Ka san abin da ke ciki: sunayen gidaje ɗari biyu da sha huɗu da aka ƙona a rikicin nan, namu da na Musulmi, waɗanda kwamitin sulhu zai raba wa kwanon rufi. Wata biyu muna bin unguwa-unguwa. Takardun hannu kuwa ruwa ya lalata su.

Malam Lawal, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa, shi ke taya ni aikin, kuma ranar Asabar ya sa faifansa a ciki. Na yi suɓul da baka na faɗi haka a gaban ƙaninmu Andrawus. Yanzu yana zagaya tashar 'yan acaɓa yana cewa Lawal ya zuba wa injin cuta don a share sunayen Kirista. Ka ba direban da ya kawo wannan wasiƙa amsa, ina roƙonka.

Ƙanwarka,
Edna

Jos, Laraba, 11 ga Agusta

Edna sarkin tsoro,

Ina gaishe ki da Mama. Na yi dariya har hawaye. Babu wani bairos. Bairos na gaske ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Kada ki taɓa komai a cikin akwatin. Danna maɓallai ukun nan da na koya miki tare, ki zaɓi sunan abin, ki kashe shi. Sannan ki goge wasan katin da na aiko miki a baƙin faifai, don a jikinsa abin yake. Abokan ofis ne suka maƙala shi, wata rana yakan jira, in ta zo ya fito ya tsorata mutum. Ni ma sun kama ni da shi, na manta ban gaya miki ba.

Ki ce wa Andrawus ya rage zafin kai. Sai na zo Kirsimeti.

Yayanki,
Meshak

Kafanchan, Asabar, 14 ga Agusta

Meshak,

Ina gaisuwa don haka aka koya mana.

Wasiƙarka ta kwana biyu a aljihun direba, motarsa ta lalace a hanya. Jiya ta iso. Shekaranjiya da rana tsaka Andrawus da mutum shida suka faɗa shagon Lawal. Sun jawo shi waje ta wuyan riga, suka farfasa tafiretarsa a kan kwalta. Ina zuwa a guje na tarar da shi a ƙasa, baki duk jini, suna shurinsa a ciki da haƙarƙari. Wani ya taka masa hannun dama a kan dakali, Andrawus ya ɗaga sarkar babur. Na ji ƙarar yatsun, Meshak. Har yanzu ina jin ta. Na kwanta a kansa, ni ma na samu rabona a baya, sannan suka watse.

Jiya na yi yadda ka ce. Minti ɗaya bai cika ba akwatin ya ɓace. Sunayen suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba.

Na karanta wa Andrawus wasiƙarka. Ya zauna a ƙasa, can ya ce, "Yaya, ƙona ta. In mutanensa suka ji daga gidanmu abin ya fito, gidan nan ba zai kai Lahadi ba." Ban ƙona ba, ban kuma nuna wa kowa ba. Ina jin haushinka, ina jin haushin bakina fiye da naka. Kada ka jira Kirsimeti.

Edna

Kafanchan, Talata, 17 ga Agusta

Malama Edna,

Bayan gaisuwa da fatan bayanki ya yi sauƙi. Matata ce ke rubutawa, likita ya ce yatsu uku ba za su koma daidai ba. Na ji sunayen sun tsira, alhamdulillahi.

'Yan uwana sun matsa in faɗi waɗanda suka dake ni. Na ce ban gane fuska ba. Na gane Andrawus sarai. Faifaina kuma sabo ne, a gabanki na ɓare ledarsa. Ba rama nake so ba, so nake in san abin da na rasa hannuna a kansa. Ki faɗa mini gaskiya: daga ina abin ya shigo? Ki amsa kafin Juma'a, don bayan an sauko daga masallaci ban san ko zan iya riƙe su ba.

Na gode da kika kwanta a kaina. Ki huta lafiya.

Lawal